Insha Allah a Birkin Jirgin Sama

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin ƙunshin Ramatu ba. Ko na so in manta ma, matan Zongonmu na nan birnin Waga ba za su bar ni ba, don har yau idan muna zaune a tsakar gida jirgi ya wuce ta kan unguwa, sai wata ta ɗaga kai ta ce, "Hajiya, wannan ma ya bi ta hannunki?" A kwashe da dariya, ni kuma in sunkuyar da kai in ci gaba da abin da nake yi.

Ni mace ce ta gida. Aji uku na yi a lekol, wato makarantar boko, na ce wa babana kaina ya cika, na koma taya shi tsintar goro. Karatuna bai wuce in gane sunan mai kirana a waya ba, da ɗan abin da nake rubutawa da yatsa ɗaya idan an turo hoton jariri ko sanarwar biki. Amma kunne kam, Allah ya ba ni. Faransancina na kasuwa a kunne na tsince shi, Mosanci ma haka, kuma abin da aka faɗa a gabana sau biyu ya zauna ke nan. Da wannan kunnen nake alfahari, shi ne kuma ya kai ni inda ya kai ni.

'Yata ta fari (ba zan faɗi sunanta ba, kun san dalili, Injiniya duk unguwa ke kiranta) tana aiki a Faransa, a wani kamfani da ke rubuta wa jiragen sama umarni. Da bikin ƙanwarta Ramatu ya tashi, ta roƙi shef ɗinta, wato shugabarta a wurin aiki, ta bar ta ta zo gida da wuri, da sharaɗin za ta yi aikin kwana huɗu daga nan. Muka share mata ɗakin babanta na baya, aka kai tebur da fanka, ta kafa ordinatar ɗinta, kwamfutar da take aiki da ita.

Ranar farko na kai mata koko da ƙosai, na ga allon cike da jajayen layuka, na ce, "Wannan jinin fa?"

Ta yi dariya ta jawo mini kujera. Ta ce abin da ke riƙe birkin tayoyin jirgi idan ya sauka ba ƙafar direba ba ce kaɗai, akwai rubutu mai tsawon gaske da ke gaya wa na'ura abin da za ta yi. Tsawonsa ya fi ƙarfin idon mutum. Don haka akwai wata na'urar bincike da ke karanta shi tun daga farko har ƙarshe, ba tare da an ta da jirgi ba. Tana bin kowace hanya da lissafin zai iya bi, duk inda ta ga lamba za ta iya fin wurin da aka tanadar mata girma, ko za a iya raba abu da sifiri, ko a ɗauko abin da ba a riga an ajiye ba, sai ta sa ja.

Na ce, "Ashe tsintar goro ce. Ba ka ci, amma kana juya kowane ɗaya ka ga ko ƙwaro ya shiga."

Ta ce, "Haka ne, Inna, sai dai ita matsoraciya ce. Ko tabon ganye ta gani sai ta yi ihu. Aikina in duba kowane ja. In na gaske ne, a gyara. In ba na gaske ba ne, in rubuta dalilin da ya sa ba zai faru ba, sannan wani ya duba dalilin nawa."

Kwana uku ina zaune a bakin ƙofar nan da tiren shinkafa a cinya, ina tsinta, ina kallo, ina saurare. Na ga yadda take yi. Ta taɓa jan layi, wani ɗan akwati ya buɗe, ta zauna tana kallon rubutu tana cizon leɓe, wani lokaci minti biyar, wani lokaci har shinkafata ta ƙare. Sai ta rubuta wani abu, ta danna, jan ya koma kore, lambar da ke sama ta ragu da ɗaya. Da yamma ta danna wani shuɗin maɓalli, aikin ya tafi wurin abokin aikinta Samir, wani ɗan Maroko mai yawan barkwanci, shi ne mai dubawa na biyu. Abin da idona ya riƙe shi ne kusan duka kore suke komawa. Zaman cizon leɓen nan kuwa, na ɗauka hutawa take.

Ranar Alhamis da safe na ji ta gaya wa Samir saura talatin da bakwai, kuma dole a miƙa kafin ƙarfe huɗu namu. Na kuma ji ta ce akwai guda ɗaya a ciki na gaske, ba za ta rufe shi ba, sai an gyara. Na ji da kunnena. Ku riƙe wannan, don ni ban riƙe ba.

Wajen ƙarfe sha ɗaya gida ya cika da mata. Mai ƙunshi ta zo daga unguwar Dapoya da 'yan kwanukanta, an shimfiɗa tabarmi a inuwar mangwaro, amarya na tsakiya. Sai ga Gwaggo Habi, yayar maigidana, macen da ko limamin unguwa ba ya musu da ita, ta faɗa ɗakin Injiniya ba sallama.

"Yayar amarya guda, hannu fari fat kamar na mai wankau? Tashi!"

"Gwaggo, don Allah minti goma."

"Minti gomanki na jiya ma bai ƙare ba. Ko a Faransa aka ce miki ba ki da dangi?"

Ta kama ta a wuyan hannu ta ja. Yarinyar da kullum ko ban ɗaki za ta sai ta kulle allon nan, ranar ba ta samu ta waiwaya ba. Kafin ta ankara an zaunar da ita, an lafta mata lalle hannu biyu da ƙafa biyu, an ɗaure da leda. Ta tambayi mai ƙunshi yaushe za a cire. Matar ta ce kafin la'asar kam ba zai kama ba.

Na ga fuskar 'yata ta canza. Ta dubi rana, ta dubi ƙofar ɗakin. Uwa ce ni, abin ya soki zuciyata.

Na shiga ɗakin da niyyar kashe fanka kawai, wallahi. Sai na ga allon a buɗe, jajayen a jere, talatin da bakwai a sama. Na tsaya. Na ce a raina, yarinya ta baro ƙasa ta zo bikin ƙanwarta, a hana ta sakewa saboda ihun wata matsoraciyar na'ura? Abin da na kalla kwana uku? Na gyara ɗaurin zanena, na zauna a kujerar injiniya, na yi bismillah.

Na taɓa na farko, akwati ya buɗe. Na danna, ya ƙi. Na sake dannawa, ya ƙi. Sai na tuna, ai sai an rubuta dalili. To me zan rubuta? Faransancina a baki yake, bai taɓa sauka a takarda ba. Amma akwai kalma ɗaya da nake rubutawa kullum a waya, wadda ban taɓa kuskuren baƙinta ba. Na nemo haruffan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsana: Inchallah.

Na danna. Ya koma kore.

Jama'a, daɗin da na ji! Na ce ashe na'urar nan ma ta san Allah. Na kama na biyu, na uku. Wajen na goma hannuna ya saba, har ina 'yar waƙa a ƙasa-ƙasa. Ina cikin yi ina mamakin yadda ake biyan mutum albashi a kan wannan. Da na kai talatin yatsana ya gaji da doguwar kalma, na koma rubuta "ba komai". Shida na yi wa haka. Na ƙarshen kuwa, don a rufe da albarka, na rubuta masa "amin". Lamba ta koma sifiri, allo ya yi kore shar kamar lambunan unguwar Tanghin bayan ruwa. Sai na ga shuɗin maɓallin nan yana kallona. Na ce aikin da aka fara ai a ƙarasa shi. Na danna.

Na fito na haɗa zomkom, ruwan garin geron nan mai sanyi, a babban kwano, na ɗauko da ludayi, ina tafe ina rangaji. Da na bar abin a cikina ma da sauƙi. A'a. A gaban mata sun fi ashirin na tsaya a kan 'yata na ce, "Saki ranki, ki bar lallenki ya kama. Na gama miki aikin."

Ta ɗago. "Wane aiki, Inna?"

"Jajayen nan mana. Duk sun koma kore. Har na tura wa Samir."

Gwaggo Habi ta rangaɗa guɗa. Wata ta ce, "Kai, Hajiya, ashe a gida ta gado!" Ni kuma ina murmushi ina zuba zomkom. Sai na lura Injiniya ba ta motsa ba. Bakinta a buɗe, idonta a kaina, hannuwanta biyu cikin leda a sama kamar wadda aka ce ta miƙa wuya.

A hankali ta ce, "Inna, me kika rubuta a wurin dalili?"

Na faɗa mata.

 Sai wayarta da ke kan tabarma ta fara ruri, sunan Samir a jiki. Wannan kam na iya karantawa.

A nan maganar safe ta dawo mini, kalma bayan kalma. Na ce, "Wanda kika ce na gaske ne... yana ciki?"

"Yana ciki."

Ludayin ya faɗi daga hannuna. Ni a tunanina abin kamar saƙon waya ne, kana dannawa ya isa ko'ina. Na ga jirage cike da alhazai da 'yan kasuwa suna saukowa da birkin da na rubuta wa amin. Na fita tsakiyar gida ina kallon sama, ina salati, ina cewa a kira filin jirgi a ce kowa ya dakata a inda yake. (A sama, ku ji fa. Su dakata a sama.)

Injiniya ta ce, "Inna, dawo ki zauna. Wannan birkin ba a sa shi a jirgi ko ɗaya ba tukuna, akwai shekaru da bincike iri-iri a gabansa. Jirgi ba abin da zai same shi. Ni ce zan faɗo."

Sai ta yi bayani. Duk abin da aka taɓa a na'urar nan ana rubuta shi da sunan mai shi da lokacin. Yanzu a can, takarda ta nuna ita, da sunanta, ta rufe gargaɗi talatin da bakwai a kan birkin jirgi cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Kuma ta sa hannu tun farko cewa ba wanda zai taɓa ordinatar ɗin sai ita. Ana korar mutum a kan abin da bai kai wannan ba.

Gwaggo Habi ta matso. "To ke ba sai ki ce wutar kuran ce ta ɗauke ta dawo, abin ya rikice ba? Nan Waga ce, kowa ya sani."

"Gwaggo, kuran ba ya rubuta Inchallah."

"To ki ce aljanu."

"A aikinmu wanda ya yi kuskure ya faɗa ana iya barinsa. Wanda ya ɓoye, ko sau ɗaya ne, ya gama. Zan kira shef yanzu, kafin ita ta kira ni."

Ta miƙe da ledojinta a ƙafa, tana jan su ƙiii-ƙiii har ɗaki. Da yake ba ta da hannu, wa zai danna mata kiran? Ni. Hannun da ya yi ɓarnar shi aka sa ya buga ƙararrawa. Tana cewa "nan, a'a, na ƙasa, Inna kar ki taɓa komai sai na ce," ina bi kamar sabuwar 'yar aji ɗaya. Mata kuwa sun cika taga da bakin ƙofa, har amarya.

Fuska biyu suka fito a allon. Shef ɗin wata farar mace ce mai gajeren gashi da furfura, gilashi a kan hanci. Samir na gefe, ya dafe bakinsa da hannu, kafaɗunsa na motsi. Injiniya ta faɗi komai tiryan-tiryan, ba ta rage ba: ta tashi ba ta kulle allo ba, laifinta ne. Ba ta ambaci Gwaggo ba, ni ma da ƙyar ta ambace ni. Matar ta dubi ledojin hannunta ta tambaya ko ƙonewa ta yi. Aka yi mata bayanin ƙunshi.

Sai ta fara karantawa. Da muryar nan tasu ta ofis, ba dariya ba fushi. Lamba kaza, dalili: Inchallah. Lamba kaza, dalili: Inchallah. Kowane ɗaya kamar ana zare mini zane a kasuwa. Samir ya ce wannan kalmar kam ba sai an fassara masa ba, kakarsa ma da ita take gyara komai. Matar ba ta yi murmushi ba. Ta gangara ƙasa ta tsaya.

Ta ce, "Wannan shi ne wanda idan taya ta taɓa ƙasa ba ta fara juyawa ba, lissafin birki zai raba da sifiri. Na ga an rubuta wani abu daban. Ba... ko... mai. Me yake nufi?"

'Yata ta rufe ido. Ta fassara mata.

Daga taga na ji wata ta ce "Innalillahi," wata kuma ta tuntsire da dariya ta gudu.

Ban san lokacin da na zube a gwiwa ba. Na haɗa duk Faransancin da na tara a kasuwa na ce, "Madam, pardon. Ni ce. Ba ita ba ce. Yarinyar nan tun tana ƙarama ko allura ta tsinta sai ta nemi mai ita. Ni ce mai dogon hannu. In kora ce, ni za a kora." Ina ta zuba, hawaye na zuba, sai na ji matar tana tambaya ina na shiga. Ashe da na durƙusa na ɓace daga hoton, tebur kawai nake roƙo. Injiniya ta ce, "Inna, tashi, ba ta ganinki." Na tashi na sake daga farko.

Matar ta cire gilashinta tana goge shi. Gogewar nan ta fi mini awa uku, ko da yake Ramatu ta ce ba ta kai minti ɗaya ba. Sannan ta yi magana, kuma na ji kowace kalma. Ta ce barin allo a buɗe babban laifi ne, za a rubuta shi a takardar Injiniya, kuma ba za ta ƙara aiki daga wajen ofis ba har ƙarshen shekara. Za a sake buɗe duka talatin da bakwai ɗin, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, an ƙara mata zuwa gobe da safe. Za ta rubuta rahoton abin da ya faru, ba ragi. Ta ce da Samir ne ya fara kawo mata maganar, da wani zancen ake yi yanzu. Sai ta ƙara da abin da ban zata ba: ta ce na'urar da ta karɓi kalma ɗaya a matsayin dalili ita ma tana da laifi, za su sa a gyara ta yadda ba za ta ƙara karɓa ba.

Na ce wa 'yata a Hausa, "Ba kora?"

"Ba kora, Inna."

Na zauna a bakin gado. Wani sanyi ya bi ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa. A waje Gwaggo Habi ta sake rangaɗa guɗa, kamar ba ita ta jawo yarinyar daga kan aiki ba.

Kafin a kashe, matar ta mai da gilashinta ta dube ni. Ta tambaya wa ya koya mini inda ake dannawa. Na ce ba kowa, daga bakin ƙofa na gani, ina tsintar shinkafa. A nan ne kawai na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce sababbin ma'aikata sukan yi mako kafin su gane, amma don Allah kar in ƙara. Na ce mata ko da kuɗi aka haɗa ni.

Lallen kuwa dole aka wanke shi tun bai kama ba. Injiniya ta zauna kan aikinta har magariba, ta ƙarasa da sassafe, ni kuma ko inuwar ƙofar ban ƙara takawa ba. Ranar ɗaurin aure duk 'yan matan gida hannu ja wur, nata kamar an shafa ruwan lemo. Duk wadda ta tambayi dalili, Gwaggo Habi na nan kusa da amsa, tana ƙara gishiri. Kafin a kai amarya gidan mijinta a unguwar Dassasgho, labarin ya riga ta isa, kuma a can an ce jirgi uku na kusa kayarwa.

Bayan wata guda Injiniya ta kira ni tana dariya, ta ce an karanta rahotonta a taron ma'aikata, kuma a wurin da ake rubuta musabbabin matsala an sa "mahaifiyar injiniya". Wato yanzu haka ina cikin wata takarda a Faransa, a jere da lalacewar waya da ɗaukewar wuta.

Amma tun kafin wannan, ranar da za ta koma, mun raka ta filin jirgi. Ina riƙe da jakarta, na kalli ƙaton abin nan ta gilashi. Na ja ta gefe na ce, "Wannan da za ki shiga, an duba jajayensa?"

Ta ce, "An duba, Inna. Kuma ba ke kika duba ba."

Ban taɓa jin maganar da ta kwantar mini da hankali irin wannan ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ganin inda ake dannawa daban, sanin abin da ya sa ake zama a ciji leɓe kafin a danna daban, kuma a na biyun ne ake biyan albashi. Yanzu idan na ga ɗaya daga cikin 'ya'yana ya haɗe gira a kan aikin da ban san kansa ba, sai in sa hannuwana biyu a baya, in tsaya daga nesa, in ce, "An ci abinci kuwa?" A wannan fannin dai har yau ba a taɓa rubuta rahoto a kaina ba.